Hajiya Sa'adatu Barmani Coge: Rayuwarta da Gwagwarmayarta a Fagen Waƙa

Daga wata ɗalibar aji uku, Gabukka, Gombe

Gabatarwa

Ni ba Bahaushiya ba ce. Iyayena Tangale ne, kuma a unguwar Gabukka cikin garin Gombe na tashi, inda na tsinci Hausa a bakin ƙawayen wasa da maƙwabta tun kafin in zo in karance ta a aji. A lokacin wani hutu ne na kalli wani fim da aka yi a 1997 kan rayuwar Selena, wata mawaƙiya 'yar Amurka wadda kakanninta mutanen Meksiko ne. Abu biyu suka tsaya mini a rai game da ita. Na farko, ta yi suna ne da waƙa cikin Sifaniyanci alhali da Ingilishi ta buɗi baki, wato ita ma harshe na biyu ta riƙa kamar yadda na riƙi Hausa. Na biyu, a farkon fitowarta masu shirya wasanni sun sha juya mata baya saboda kawai ita mace ce.

Da na kwashe labarin na kai wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Inna, wadda asalinta mutuniyar ƙasar Katsina ce, sai ta yi dariya, ta nuna mini cewa na tafi har Amurka neman abin da yake bayan ɗakinmu. Ta sa jikanta ya lalubo mata wata tsohuwar waƙa a waya, aka kunna, sai ga amon ƙwarya da wata murya mai kauri ta mace. Kafin a kai rabin waƙar matan gidan sun bar aikin da suke yi. Ranar na fara sanin Barmani Coge da kunnen nazari. Wannan maƙala za ta kawo taƙaitaccen tarihinta, da irin kiɗan da ta yi, da abubuwan da ta waƙe, da kuma shingayen da ta tarar a gabanta.

Haihuwarta da Asalin Sunanta

Sunanta na yanka Sa'adatu. An haife ta cikin shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwayi da ke ƙasar Funtuwa, a Lardin Katsina na wancan zamani, wanda ya zama Jihar Katsina a 1987. Mahaifinta malami ne, saboda haka ba ta gaji kiɗa ko roƙo ba. A rabe-raben masana waƙar baka, ita makaɗiyar haye ce.

Sunan Barmani yana daga cikin sunayen da Bahaushe kan laƙaba wa ɗan da ya zo bayan iyayensa sun sha binne 'ya'ya, kamar su Barau da Ajuji da Ayashe da Bawa. Ma'anarsa roƙo ne cewa a bar wa uwa wannan ɗin. An ba Sa'adatu shi domin 'yan'uwanta da aka haifa sun yi ta rasuwa tun suna ƙanana, ita ce ta rayu. Shi kuwa laƙabin Coge ana danganta shi da wani salon taku mai kama da ɗingishi wanda ta iya kwaikwayo a wajen rawa tun tana yarinya. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da cewa jaridun Ingilishi kan rubuta sunan da "ch", amma bisa ƙa'idar rubutun Hausa harafin "c" shi kaɗai ya wadatar.

Garin da Ya Raine Ta

Ba za a fahimci Barmani ba sai an fahimci Funtuwa. Gari ne da ya bunƙasa bayan da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta cikinsa a ƙarshen shekarun 1920. Ƙasar auduga ce, ga injin gurza, ga tashar jirgi, ga hanyoyin mota da suka haɗu a nan daga Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari. Wannan ya tara 'yan kasuwa da direbobi da leburori da baƙi iri-iri, kuma duk inda kuɗi da baƙi suka haɗu, makaɗi ba ya kwana da yunwa. A wannan gari ne Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa mai tsawo. Yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri tana jin Hausar kasuwa da ta tasha da ta cikin gida a lokaci guda, kuma dukkansu sun fito a bakin Barmani daga baya.

Aurenta

An yi mata aure tana da kimanin shekara 15, kamar yadda aka saba yi wa 'yan mata a lokacin. Mijinta mutum ne da shi kansa yake taɓa kiɗa, don haka bai ɗauki muryar matarsa abin kunya ba. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya 12, har da tagwaye.

Wannan batu na miji ba ƙaramin abu ba ne a tarihinta. Matar aure a ƙasar Hausa ba ta fita sai da izini, balle ta kwana a wani gari wajen biki. Mata nawa ne masu murya da hikima waɗanda waƙarsu ba ta taɓa wuce bakin turmi da dutsen niƙa ba, saboda maigida bai yarda ba? Barmani ta samu ƙofar da aka rufe wa dubbai irinta, kuma da ta samu ba ta yi wasa da ita ba.

Fara Waƙa

Ta fara waƙa a matsayin sana'a a 1973, tana uwar 'ya'ya. Shekarar tana da muhimmanci, domin a ranar 1 ga Janairun 1973 ne Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, kuma a ƙarshen shekarar ne farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Kuɗi suka shigo ƙasa, bukukuwa suka ƙara armashi, liƙi ya yawaita, aka kuma samu mata 'yan kasuwa masu sayar da atamfa da gwal da kayan ɗaki, waɗanda suke zuwa Makka da kuɗinsu. Waɗannan hajiyoyi su ne suka zama iyayen gidan Barmani. Su ke gayyatar ta suna da biki, su ke yi mata kyautar zannuwa da kuɗi, ita kuma tana ambaton sunayensu da sana'o'insu.

Ba ita ta fara fito da amada fili ba. Kafin ta akwai Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, wadda ta rasu a 1983. Abin da Barmani ta ƙara shi ne ƙarfin hali wajen zaɓen abin da za ta waƙe, da kuma raha mai sa mace ta tashi tsaye ko ba ta yi niyya ba. Gidajen rediyo da talabijin na Arewa, sannan kaset, su suka kai muryarta garuruwan da ƙafarta ba ta taka ba, har ƙasar Nijar.

Kiɗan Amada

Amada kiɗan mata ne na cikin gida. Masana sun nuna cewa da farko yana da alaƙa da bege da yabon bayin Allah, kafin a hankali ya koma kiɗan biki da nishaɗi. Kayan kiɗansa ƙwarya ce. Akan kife ƙore masu girma daban-daban a ƙasa, mata su zauna a gabansu suna bugawa da 'yan sanduna ko da hannu, sannan a kife wata a kan ruwa cikin babban mazubi domin ta ba da amo mai zurfi. Jagora ita ke kawo ɗiyan waƙa, 'yan amshi kuma su riƙa mayar da gindin waƙar.

Idan muka duba da kyau za mu ga cewa kalangu da kotso da taushi da kukuma da garaya da kuntigi duk a hannun maza suke. Mace ba a koya mata su, ba ta kuma gadon su. Abin da aka bar mata shi ne kayan aikinta: turmi da taɓarya, da shantu, da ƙwarya. Da ƙwaryar da ake dama fura da bakace da awon hatsi Barmani ta yi suna har ta tsaya a filin da manyan makaɗa maza suke tsayawa. A ganina wannan kaɗai ya isa a rubuta tarihinta.

Jigogin Waƙoƙinta

Babban jigon da aka fi sanin ta da shi shi ne kira ga mata su kama sana'a. Ta yi wa macen da ke zaune tana jiran komai daga hannun miji zambo mai zafi, ta kuma yabi mai ƙuli-ƙuli da mai ƙosai da mai saƙa da mai adashi. Wannan kira ya dace da rayuwar da take gani. Tun a 1969 wata Baturiya mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta yadda matan kulle suke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla. Barmani ba ta buƙaci littafi ba kafin ta san haka. Ta san cewa ranar da aka saki mace ko miji ya mutu, jarinta ne gatanta.

Jigo na biyu shi ne kishi. Ta waƙe zaman kishiyoyi ta bakin macen da aka yi wa kishiya, da fargabarta da habaicinta da addu'o'inta, ba tare da ta yi wa abin kwaskwarima ba. Mawaƙa maza sukan taɓo kishi a matsayin halin banza na mata. Ita kuwa daga cikin ɗaki ta kawo labarin.

Jigo na uku shi ne haihuwa. Mace mai 'ya'ya 12 ta san naƙuda da jego da goyo, kuma ta mayar da su abin alfahari da kirari, kamar yadda makaɗan maza suke yi wa ɗan dambe kirari da ƙarfin damtsensa.

Jigo na huɗu, wanda ya fi jawo mata magana, shi ne jikin mace da kwalliyarta da matsayinsa a zaman aure. Ta ambaci abubuwan da Bahaushe ya saba sakayawa, ta kira su da sunansu. A wajen masu suka wannan batsa ce. A wajen matan da aka yi waƙar dominsu kuwa, magana ce irin wadda suka saba yi a tsakaninsu idan ba namiji a kusa, sai dai a wannan karo an ɗora ta a kan kiɗa. Kuskuren da akan yi shi ne a auna waƙar da aka shirya wa taron mata zalla da ma'aunin dandali.

Ga mai koyon Hausa irina, waƙoƙinta makaranta ce. A cikinsu na gane bambancin mowa da bora, da na zambo da habaici, da abin da ake nufi da biki a ma'anarsa ta bashin zumunci da mata suke biyan juna. Waɗannan kalmomi suna cikin ƙamus, amma sai a bakin mace irinta ake jin nauyinsu.

Shingayen da Ta Fuskanta

Shinge na farko shi ne matsayin makaɗi a idon jama'a. M. G. Smith, a nazarinsa na shekarun 1950 kan al'ummar Hausawa, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa suna cikin rukunin ƙasa a jerin masu sana'a. Ana son waƙarsu, ana ba su kyauta, amma ba kowa ke son haɗa zuri'a da su ba. Idan namiji ya sha wannan kallo sau ɗaya, mace sau biyu take shan sa, domin da yawa sukan ɗauka cewa duk macen da ta ɗaga murya a bainar jama'a ta fita daga sahun matan kirki. Ga 'yar malami kuwa abin ya fi nauyi.

Shinge na biyu shi ne rashin gurbi a fada. Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duk suna da iyayen gida masu sarauta da suke ɗaukar nauyinsu, wasunsu ma har da naɗin sarautar kiɗa. Gurbin da fada ta tanadar wa mace shi ne na zabiya. Mai amada ba ta da gona ko doki daga sarki, abin da ta samu a fagen biki shi ne nata. Mu tuna kuma cewa lokacin da Barmani ta fara waƙa matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, sai a 1976 suka fara jefawa, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba wadda ta sha ɗauri a kan haka.

Shinge na uku shi ne kasuwar kaset. Masu kwafa suna buga waƙa su sayar a kowace tasha ba tare da ko kwabo ya koma hannun mai ita ba. Wannan ya shafi makaɗan gargajiya maza da mata, amma ya fi cutar wanda ba shi da karatun boko ko wani tsayayye da zai bi masa haƙƙi.

Shinge na huɗu ya zo ne a ƙarshen rayuwarta. Daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000, lokacin da jihohin Arewa da dama suka ƙaddamar da shari'a, an taƙaita kiɗa a wuraren biki a wasu wurare. A daidai wannan lokaci kuma waƙoƙin fina-finan Hausa na fiyano suka mamaye kunnen matasa, masu biki suka fara gwammace su ɗauko na'ura a kan su ɗauko ƙungiyar mata da ƙorensu. Duk da haka ba ta ajiye ƙwarya ba har ƙarfinta ya ƙare.

Akwai kuma shinge na biyar wanda ya shafe mu kai tsaye, wato na nazari. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta. Amma duk wanda ya leƙa jerin kundayen digiri a sassan Hausa zai ga yadda sunayen makaɗa maza suka rinjayi na mata. Ni kaina da na ce ina son in yi kundina a kan Barmani, wani ɗan ajinmu ya ba ni shawarar in nemi mawaƙin da ya fi mutunci. An samu masu ƙoƙari, kamar Beverly Mack wadda ta fitar da littafi kan waƙoƙin matan Hausawa a 2004, da Farfesa Abdalla Uba Adamu wanda ya rubuta tarihin Barmani bayan rasuwarta, sai dai aikin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa.

Waiwaye Zuwa Teksas

Bari in koma inda na faro. Tehano suna ne na mutanen jihar Teksas ta Amurka waɗanda asalinsu Meksiko ne, domin yankin yana ƙarƙashin Meksiko har 1836, ya kuma shiga Amurka a 1845. Kiɗansu ya haɗa waƙar Sifaniyanci da wani abin kiɗa da ake matsawa kamar zugazugin maƙera, wanda baƙi Jamusawa da makamantansu suka kawo. Fage ne da maza suka riƙe. Matan wannan al'umma, waɗanda wasunsu ke kiran kansu Cikana, sun sha matsi ta fuska biyu: a waje ana raina harshensu da launinsu, a gida kuma ana ganin wurin mace shi ne ɗaki. Lydia Mendoza, wadda ta rayu daga 1916 zuwa 2007, ita ta fara fasa wannan shinge da jitarta mai tsirkiya 12 a shekarun 1930. Selena, wadda aka haifa a 1971, ta ci babbar lambar waƙa ta Grammy a 1994, aka kuma harbe ta a garin Corpus Christi ranar 31 ga Maris 1995 tana da shekara 23.

Akwai kama tsakaninsu da Barmani. Dukkansu sai da wani namiji na gida ya buɗe ƙofa, uba a wajen Selena, miji a wajen Barmani, kuma dukkansu mata 'yan'uwansu ne suka fi riƙe su. Bambancin shi ne abin da ya biyo bayan mutuwa. An yi wa Selena fim, an gina mata gidan tarihi da mutum-mutumi a Corpus Christi, an adana waƙoƙinta da kwanan watan da aka ɗauki kowace. Waƙoƙin Barmani kuwa suna yawo ne daga waya zuwa waya, sau da yawa ba shekara, ba sunan 'yan amshi, ba sunan gidan da aka yi bikin.

Rasuwarta

Barmani ta yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarta. Allah ya yi mata rasuwa a Funtuwa ranar 2 ga Maris 2013, bayan shekara 40 tana waƙa. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa. Har yau da wuya a yi taron mata na biki a ƙasar Hausa a tashi ba a ji muryarta ko ta masu maimaita waƙoƙinta ba.

Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo tarihin Hajiya Sa'adatu Barmani Coge tun daga Gwaigwayi har zuwa rasuwarta, ta bayyana kiɗan amada da jigogin waƙoƙinta, ta kuma nuna shingayen da mace mawaƙiya take haɗuwa da su a ƙasar Hausa da wajenta. Mutum yana iya ƙin wasu kalmominta, wannan ra'ayinsa ne. Amma mai nazarin harshe ba ya zaɓar Hausar da zai saurara, kamar yadda likita ba ya zaɓar gaɓar da zai duba.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu mata da muke iya shiga inda maza ba sa shiga, da mu yi amfani da wayoyin da ke hannunmu. A Gabukka da Jekadafari da Bolari da Tudun Wada akwai tsofaffi masu waƙoƙin daka da niƙa da reno da na amarya, cikin Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci. Mu nemi izininsu mu ɗauka, mu rubuta sunan mai waƙa da gari da rana, mu juya su a takarda bisa ƙa'ida, mu ajiye a sashe. Inna da ta fara kunna mini Barmani ta haura shekara 70, kuma na riga na ɗauki waƙoƙin niƙa guda 6 daga bakinta.

Allah ya jiƙan Barmani Coge, ya gafarta mata kurakuranta, amin.